Ranar da Ilu Mai Shayi Ya Tsaya a Kan Surukai

Duk wanda ya taɓa sauka a Gagarawa Tasha da yunwa a cikinsa ya san Ilu mai shayi, ko da bai san sunansa ba. Yawancinsu ma ba su sani ba. "Kai mai shayi!" suke ce masa, har da yaran da ya girmi iyayensu, shi kuwa ya amsa, don amsawar ce sana'ar.

A Maigatari aka haife shi. Yana saurayi ya yi jan awaki a kasuwar Alhamis, yana kai wa fatake bakin mota, har ranar da wani bunsuru ya ja shi cikin kwata a gaban masu tallar nono, ya rantse ya bar harkar. Ya gwada noman gyaɗa, gyaɗa ta ƙi shi. Daga nan ya auri Safara'u, mace mai hannu da baki, ita ce ta sayar da tunkiyarta ta saya masa buta da kofuna, ta ce ya je ya tsaya inda motoci ke tsayawa. Tun daga lokacin yake nan a ƙarƙashin rumfa ɗaya, gajere, mai tsabta, yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi ba tare da ɗigo ya taɓa tebur ba. Da shayin nan ya aurar da 'ya'yansa, saura autarsu Jannatu, wadda ke ɗinki a cikin gida.

Abin da ya sauya shi talabijin ce. Da ya ga direbobi sun fara komawa wajen wani mai shayi da ya sa kallo, sai shi ma ya ɗora sola a kan rumfa, ya rataye talabijin a jikin gungume. Sha'aibu direba, mai jigila tsakanin Gumel da Tasha, shi ne ya kawo masa wani dogon fim na Turawan Ingila da samarin Kano suka juya zuwa Hausa. Labarin wani katafaren gidan dutse ne a zamanin da, masu gida a sama, barori a ƙasa, kowa da matakalarsa. Bayan la'asar sai benci ya cika, wanda bai samu wuri ba ya jingina da babur.

Ba wanda ya iya riƙe sunayen mutanen fim ɗin, don haka aka raɗa musu na gida. Mai gidan ya zama Alhajin Turawa, uwarsa Hajiya Tsohuwa, shugaban barori kuwa Dogo Mai Safa, saboda farar safar da ba ya rabuwa da ita a hannu.

"Ku duba mini ƙaton nan," in ji Sha'aibu yana nuna Alhajin Turawa, "gemu ya yi fari amma sai an saka masa riga! Hannunsa ciwo yake?"

"Ni ƙararrawar kiran barorin nan ce ta dame ni," wani mai awon gero ya ce. "A kaɗa maka ƙarfe ka taho a guje? Ko raƙumi sai an kira shi da baki."

"Gida ɗaki ya fi na asibitin Gumel yawa, babu kaza ko ɗaya a tsakar gida. Kare kuma a kan kujera!"

"Kuma ba sa gaisawa. Mutum ya tashi da safe ya ga uwarsa, sai ya ɗaga mata gira."

A cikin gida ma haka. Jannatu ta sa an tura mata fim ɗin a waya, ita da uwarta suna kallo suna tsinken zogale. Safara'u ta ce matar da ba ta san hanyar madafarta ba ai baƙuwa ce, ko da ta haifi goma a gidan.

Kowa dariya yake, ban da Ilu. Shi idonsa na kan Dogo Mai Safa. Mutumin nan shayi yake zubawa, kamar shi. Amma in ya shigo ɗaki da faranti, sai kowa ya gyara zama. Ba ya gudu, ba ya washe baki, ba ya cewa komai. Ya ajiye abinci ya koma bayan kujera ya tsaya ƙyam kamar turke har a gama. Alhajin Turawa da kansa in zai kira shi sai ya ambaci sunansa a hankali. Ilu ya kalli fim ɗin daga farko har inda aka tsaya, bai ji an ce wa Dogo "kai mai shayi" ko sau ɗaya ba. Sai ya ƙudurta a ransa cewa ashe haka ake girmama baƙo, kuma haka mai hidima ke samun girma. Ya shiga kasuwar Gumel ya sayo farar safar hannu da cokula masu yatsu, ya ɓoye a ƙasan akwati yana jiran ranar da ta dace.

Ranar ba ta yi nisa ba. Jannatu ta daidaita da wani saurayi ɗan Sule Tankarkar, Abdulmuhaimin, mai gyaran babura, kuma an aiko cewa baffanninsa za su zo a sa rana. Yarinyar nan ta ƙi mutum nawa kafin shi, unguwa ta sani, don haka Safara'u ta yanka zakara biyu, ta tuƙa tuwon shinkafa, ta dama fura. A al'ada wan Ilu, Malam Ishaƙ, shi ne zai karɓi baƙi, uban yarinya ya gaisa ya ɓace. Ilu ya ce shi zai kai abinci da kansa.

"Malam, ina ruwanka da kai abinci?" in ji Safara'u. "Mene ne wannan a hannunka? Ƙonewa ka yi?"

"Ke dai miƙo faranti. Yau za su san gidan mutunci suka zo."

Baƙi suka iso bayan azahar, su uku, babbansu Malam Dalhatu, manomi mai faɗin kafaɗa. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi gida da damina. Sai ga Ilu ya shigo, riga a guge, safa a hannu, tawul a rataye a damtse. Ya jera kwanuka. Ya ajiye wa kowa cokali da mai yatsu da wuƙa. Ruwan wanke hannu kuwa bai kawo ba, don bai taɓa ganin an kai wa Alhajin Turawa ba.

Malam Ishaƙ ya miƙe ya ce, "To, bari mu ba ku wuri ku taɓa." Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo, ya ga ƙanensa ya koma bayan baƙi ya tsaya, hannu a baya, haɓa a sama. Ya yafuto shi. Ilu bai motsa ba. Ya ja masa gefen riga. Ilu ya ƙara ƙamewa. Malam Ishaƙ ya fita yana salati a ciki.

To, wane ɗan mutunci ne zai buɗe baki ya kai loma alhali surukinsa na tsaye a ƙeyarsa? Malam Dalhatu ya kalli tuwo, ya kalli wuƙa, ya ɗaga kai ya kalli fuskar Ilu, ya ga babu alamar fara'a a cikinta.

"Malam Ilu, a zauna mana."

Ilu ya ɗan rusunar da kai kamar yadda Dogo ke yi, bai ce uffan ba.

Ɗaya daga cikin baƙin ya miƙa hannu wajen fura. Nan take Ilu ya yi wuf ya riga shi, ya ɗauke kwanon don ya zuba masa a kofi. Bawan Allah ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Miya ta yi sanyi, man zakara ya daskare a sama, ƙuda ya zo ya yi shawagi ya tafi. Can Malam Dalhatu ya yi gyaran murya ya ce alhamdulillahi sun ƙoshi, hanya da nisa, maganar rana kuma sai sun sake shawara. Suka sa takalma. Ilu ya raka su har bakin babura, yana jin daɗi a ransa cewa kwarjinin hidimar ne ya hana su ci.

Kafin la'asar wayar Jannatu ta yi ƙara. Ta shiga ɗaki ta amsa, ta fito tana kuka. Abdulmuhaimin ne. Baffanninsa sun ce uban yarinya ba ya son auren. Ya tsaya a kansu fuska a murtuke, sun yi masa magana ya ƙi amsawa, ya ajiye musu wuƙaƙe, ya ƙwace fura daga hannun mutum, kuma ya sa safa don kada hannunsa ya taɓa nasu.

"Baba, me suka yi maka?" in ji Jannatu.

Safara'u ta ajiye muciya ta juyo. "Malam, Turawan nan 'yarsu za su ba ka? Zakaruna biyu! Shekara nawa muna tare, ka taɓa ganin na tsaya a kanka kana cin tuwo? Ka ga in auren nan ya lalace, sai ka je Ingilar ka nemo mata Dogon."

Ilu ya dubi hannayensa. Ya zare safar a hankali, yatsa bayan yatsa.

Washegari bai kunna wuta a Tasha ba. Ya karɓi wayar Jannatu, ya hau ɗan acaɓa zuwa Sule Tankarkar, ya yi tambaya har ƙofar gidan Malam Dalhatu. Mutumin ya fito, ya amsa sallama a taƙaice, amma ya shimfiɗa masa tabarma. Ya shiga ciki ya dawo da kwanon dambu da ƙwaryar fura da butar ruwa, ya ajiye, ya ce "Bismillah," ya fita ya saki asabari.

Ilu ya zauna shi kaɗai. Ya wanke hannu. Tun jiya bai sa komai a cikinsa ba, don haka ya ci da gaske, ya lashe yatsu, ya kurɓi fura har ta taɓa masa hanci, babu idon kowa a kansa. Yana cikin sharce kwano ya tsaya, ya kalli asabarin nan da aka sakar masa, kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunne.

Da Malam Dalhatu ya dawo ya ga kwano fes, fuskarsa ta ɗan saki.

"Malam Ilu, mu manoma ne. In ba za a ba mu yarinya ba, da baki ake faɗa."

"Wallahi Malam Dalhatu girmama ku na yi."

"Girmamawa? Da wuƙa?"

Ilu ya ciro waya ya lalubo wajen da ake cin abinci a gidan dutse, ya miƙa masa. Malam Dalhatu ya riƙe ta nesa da ido yana kallo.

"Wannan dogon shi ne mai gidan?"

"A'a, mai hidima ne."

"To me ya tsaya yi musu a ka? Tsoro yake kada su tafi da cokulan?"

"Haka ake yi wa manya a can."

"Kuma suna iya haɗiya?" Ya ƙara matso da wayar. Ya ga safar, ya ga tawul a damtse, ya ga haɓa a sama. Ya ɗago ya kalli Ilu, ya koma ya kalli Dogo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. "Tsaya, tsaya. Wato jiya mu ne waɗannan na kan kujera? Ni da na zo da ƙaiƙayin gero a hula?"

"Ku ne," in ji Ilu a sanyaye.

Dariya ta kwantar da Malam Dalhatu a kan tabarma. Ya aika aka kira 'yan'uwansa biyu, aka sake kunna musu. Wanda aka ɗauke wa fura ya ce shi fa har mafarkin furar nan ya yi. Suka kalli wajen sau uku, daga nan suka zarce gaba don su ga ko Hajiya Tsohuwa za ta yarda jikarta ta auri mai kula da dawaki, har ladan ya kira azahar wayar na hannunsu.

Bayan salla Malam Dalhatu ya ce za su koma wurin Malam Ishaƙ ranar Juma'a a sa rana, biki kuma sai bayan an kai amfanin gona gida. Sharaɗinsa biyu: a sake yanka zakara, kuma in an ajiye kwano, Malam Ilu ya nemi inda zai tafi. Da ya rako shi bakin hanya sai ya rage murya ya ce in da hali a turo musu ragowar fim ɗin.

Ranar Juma'a Ilu ya ajiye tuwo da ruwan wanke hannu, ya fita da saurin da har ya bar takalmi ɗaya a zaure. Baƙi suka cinye tas, aka sa rana, kaka ta yi aka kai Jannatu Sule Tankarkar da guɗa.

Labarin kuwa ya riga shi isa Tasha, don abin da Sha'aibu direba ya ji, Gumel da Maigatari sun ji. Da safen da ya koma rumfa, yana hura wuta sai ya ji an ce daga benci, "Baba Dogo, a ba mu shayi kakkaura guda biyu, in an ga dama." Aka fashe da dariya, shi ma ya yi. Sunan ya bi shi har yau, duk da cewa tsawonsa bai wuce kafaɗar Safara'u ba, kuma tun daga ranar ba a cika jin "kai mai shayi" a rumfar nan ba. Safar tana nan, ta yi baƙi, da ita yake sauke buta daga wuta.