Jerin Masu Ba Da Jini Da Na Hargitsa

A lokacin ina aji uku a jami'a, ina karanta ilimin kwamfuta, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. A unguwarmu, Fadaman Mada, akwai ƙungiyar masu ba da jini kyauta. Wata tsohuwar nas da kowa ke kira Mama ce ke riƙe da ita, da wani littafi mai kauri inda ta rubuta sunan kowa da lambarsa da rukunin jininsa, har da nawa. Na yi wa littafin dariya, na ce zan zuba mata komai a kwamfuta. Da na gama ta roƙe ni mu zauna mu bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, na ce mata kwamfuta ba ta kuskure. Don burga na jera sunayen bisa haruffa, ban lura ba cewa sunaye da lambobi kaɗai suka motsa, layin rukunin jini yana nan inda yake. Na tura mata a waya. Littafin aka jefa shi sito, gara ta cinye.

Bayan wata huɗu matar telan layinmu ta haihu, jini ya ɓalle mata. Nata irin mai wuyar samu ne, kuma babu shi a ajiye. Mama ta buɗe jerina ta kira mutum uku. Ɗaya ya baro gonarsa a Inkil, biyu suka hawo keke daga Gwallameji. Aka gwada su, babu wanda ya dace. Kafin la'asar matar ta cika.

Bayan jana'iza na buɗe jerin, sai na ga sunana a rukunin da ba nawa ba. Jinina irin nata ne. Ranar ina gida, ina kwance, waya a hannuna, ba wanda ya kira ni.

Da ɗan abin da na iya tunawa na gyara jerin a ɓoye, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, amma wannan bai taɓa sanyaya mini zuciya ba. Ɗalibai 'yan'uwana, in kun karɓi aikin jama'a, ku zauna a duba tare da masu shi, kada ku raina littafin kowa. Ni dai har yau telan nan in na wuce sai ya ɗago daga kekensa, 'yarsa marainiya a gefensa, ya ce Allah ya saka mini da alheri kan aikin da na yi wa unguwa.