Kuɗin Zufa

Yayanmu direba ne tun ban iya ɗaura zani ba. Bas ɗin wani kamfani yake ja, ya kwaso ma'aikata da safe, ya mayar da su da yamma, tsakanin nan kuma a aike shi nan, a aike shi can. Da can siriri ne kamar kara. Kujera ce ta mayar da shi yadda ya koma. Shekara da shekaru yana zaune, biredi a hannun hagu, lemon kwalba a tsakanin cinyoyi, har tumbinsa ya fara gogar sitiyari. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Tanki, shi kuma yana amsawa da dariya, don Yaya bai iya fushi ba. Ni ce mai fushin gidanmu, kuma ni ce tela, duk faɗin da aka ƙara wa rigar aikinsa a kan kekena aka ƙara shi.

Gida guda ne a wuyansa: matarsa da muke ce wa Anti, da yaransu na makaranta, da mahaifiyarmu da maganin ƙafarta. Duk daga makullin bas ɗin nan ake ci.

Sai kamfani ya kawo likita ya duba direbobi. Da ya ɗaura wa Yaya abin awon jini a dantse, sai ya kwance ya sake ɗaurawa.

"Malam direba, jininka ya hau sosai," in ji likitan. "Irin wannan yana kayar da mutum a kan sitiyari, kuma akwai rayuka a bayanka. Ka sha magani, ka rage ci, ka riƙa motsa jiki kullum sai ka yi zufa."

Manaja ya ƙara da nasa. An ba shi 'yan watanni, za a sake gwaji, in jini da nauyi ba su sauka ba ya ajiye makulli.

Yaya ya fara da abin da ba a biya, wato tafiya a ƙafa. Titinmu ba shi da gefen masu tafiya, kwata ce a dama, babura a hagu, amma ba su ne suka kayar da shi ba, kirkin mutane ne. Bai kai kwanar mai shayi ba wani maƙwabci ya taka birki.

"Lafiya, Tanki? Mota ta lalace ne? Hau in sauke ka."

"A'a, motsa jiki nake."

"Haba dai, babba da kai. Hau, don Allah, kada ka sa a ce na wuce ka a hanya."

Ya hau. Yaya ba zai iya cewa a'a sau biyu ba. Washegari mai kanti ne ya tare shi da kujera da lemo mai sanyi, wai ya ga yana haki. Wata tsohuwa kuma ta zo har gida tana tambayar Anti ko an sallame shi daga aiki ne, ta gan shi yana gararamba da sassafe. Daga ranar bai sake fita ba. Na yi masa faɗa har muryata ta dushe, ya ce, "Ke ba za ki gane ba, ƙanwata. Ido ya yi yawa."

Shi ne ya nufi gidan motsa jikin da ke saman wani kantin kayan wuta, inda babu wanda zai ce masa hau. Ni na raka shi. Madubi ta ko'ina, kiɗa na tashi, samari na ɗaga ƙarfe suna kallon kansu. Budurwar da ke kan tebur ta faɗi kuɗin cikin murmushi, ta ce ba a biyan wata ɗaya, sai a dunƙule, ga kuɗin rajista daban. Ta leƙa ƙafarsa ta ƙara da cewa ba a hawa na'ura da silifas, sai da kambas. Raina ya ɓaci. Na ce mata, "Yanzu zufar ma sai an saya?" Yaya ya taka mini ƙafa.

Albashinsa ba shi da wurin da za a yanko wannan. Don haka ya karɓi aikin ƙarin lokaci, ya kuma samu wani mai mota da yake ja wa a ranakun hutu. Wato don ya samu kuɗin tashi daga kujera, sai da ya ninka zamansa a kanta. Ya biya, aka ba shi kati, ya sayi kambas na gwanjo fari tas. Amma kafin a buɗe wurin ya riga ya kama hanya, kafin ya ajiye bas ya hau matakalar nan kuma mai shara ya fara kife kujeru. Wani lokaci ya samu ya ɗan taka na'urar gudu, zufa ba ta ma karyo ba sai a kashe fanka. Ya dawo gida da yunwa ya cinye abin da ya tarar. Anti ta rage masa mai da gishiri, sai dai abincin rana a bakin titi yake cinsa, abin da ya fi araha kuma shi ya fi maiƙo.

Ranar gwaji ya ƙi karyawa, wai ko sikeli zai tausaya masa. Likita ya auna, ya girgiza kai. Manaja ya ce shi ma ba da son ransa ba, doka ce daga sama. Yaya ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a kan tebur, har da yi musu godiya. Wannan godiyar ta fi komai ƙona mini rai.

Daga nan ne ya samu lokaci. Katinsa da sauran kwanaki, sai ya riƙa zuwa tun da hantsi, ya yi ta tafiya a kan na'ura har rigarsa ta jiƙe sharkaf, saboda zaman gida yana sa shi jin kunyar yaransa. Da katin ya ƙare budurwar ta ce, "Baba, yanzu da ka saba, a sabunta maka?" Ya ce zai dawo.

Bai koma ba. Ya zaga garejin motoci, kowa ya dubi furfurarsa ya ce za a kira shi. A kamfaninsa kuwa tuni an ba wani matashi bas ɗin. A gida aka koma ci sau biyu, shi kuma ya kan ce ya ƙoshi don yara su ƙara. Maganin jininsa ya ƙare, ya ce a fara sayen na mahaifiyarmu. Ina tsoron ranar da zai faɗi, kuma ban ga ta inda sauƙi zai ɓullo ba.

Yanzu tumbin ya tafi, wuyansa ya fito, idanunsa sun faɗa. Shekaranjiya muna tsaye a ƙofar gida maƙwabcin nan mai mota ya rage gudu ya leƙo.

"Tanki, ashe wurin motsa jikin nan ya karɓe ka haka? Ka koma saurayi. Ni ma kai ni in yi rajista mana."

Na buɗe baki zan ba shi amsa, Yaya ya riga ni.

"Wuri ne mai kyau," ya ce. "Ka dai je da kambas."