Kanta Mai Gammo

A shekarun da arzikin man fetur ya fara isowa hannun ma'aikata, ina shugabantar wata makarantar firamare a ƙasar Gwaram, iyalina kuwa suna gidanmu na gado a Birnin Kudu. A lokacin ne na sayo garmaho mai haɗe da rediyo, da lasifika biyu, da faya-fayai masu yawa. Da na rasa inda zan ɗora su, sai na ƙudura cewa ni da hannuna zan haɗa musu kanta.

Gidanmu gidan malamai ne. Alƙalami muka gada, gizago kuwa yana da masu shi, kuma ba a san wani daga zuriyarmu ya taɓa riƙe zarto ba. Saboda haka ranar da aka sauke mini katakon maɗaci daga wajen Fagam, Baffa, wan mahaifina kuma mai gidan, ya tsaya a zaure yana kallona.

Ya ce, "Malam, makarantar ce ta kore ka, ko kuwa kafintocin garin ne suka ƙare?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, suna nan da ransu. Ni dai abin da zan saurara da kunnena nake so ya zauna a kan abin da na yi da hannuna."

Ya ce, "To, madalla. In ka gama sai ka sassaƙa wa mata turmi."

Duk hutun makarantar da na zo gida, a bakin aikin na yi shi. Na auna, na yanka, na goge, tafin hannuna ya yi kanta tun kafin kantar ta tsaya. Na yi mata hawa uku: na ƙasa na faya-fayai a tsaye, don kada zafi ya lanƙwasa su, na tsakiya na batura, na sama na garmahon kansa. Da ta kammala na gayyaci Baffa da dattawan unguwa bayan la'asar.

Na ɗora faifai, na sauke allura. Mai waƙa ya buɗe baki ke nan, sai allurar ta yi tsalle. Na mayar, ta sake. Ya kama baiti ya saki, ya koma ya kama, kamar ɗalibin da hadda ta kwance masa. Dattawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Baffa ya ce, "Ai ko garmahon ya gane ba aikin gado ba ne. Gobe a kira mai sana'a, wannan kuwa a ba mata su hura wuta."

Ban kira kowa ba. Na san ƙafafun a daidaice suke. Washegari da hantsi na gwada, waƙa ta tafi sumul. Da la'asar tsallen ya dawo. Nan na kasa kunne, sai na ji mata sun kama lugude a bayan ɗakina, suna dakan tuwon dare. Duk saukar taɓarya, daɓe ya ɗauko ta ya miƙa wa katako, katako ya miƙa wa allura.

Wani daga cikin dattawan ya ce a hana daka in zan kunna. Na ce gidan da aka dakatar da turmi saboda faifai bai cancanci tuwo ba. Ba zan hana su aikinsu ba, ba kuma zan bar nawa ba.

Abin da ya zo mini shi ne gammo. Mai ɗaukar tulu tana taka ƙasa da ƙarfi, amma gammo yana shanye girgizar kafin ta kai ga kaya. Na yayyaga wani tsohon rawanina, na naɗe gammo mai kauri, na sa ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafa, na ƙara wani a ƙarƙashin garmahon. Sa'an nan na sake aika wa dattawa, na kuma ce wa matan gidan su yi luguden da ba su taɓa yi ba.

Baffa ya shigo, ya duba ƙasa, ya ce, "Ikon Allah! Kanta da gammo? Tallar nono za ta tafi?"

Na ce, "A zauna dai, Allah ya gafarta Malam."

Taɓare suka kaure a waje, har ƙasa tana motsi a ƙarƙashin tabarma. Na sauke allura, na harɗe hannuwana. Mai waƙa ya ɗauko baitinsa ya kai shi ƙarshe, ya ɗauko na biye, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da faifan ya ƙare, sai amon turmi ya rage.

Baffa ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Bai ce na iya ba, ni ma ban nema ba.

Ya ce, "Bayan faifan fa, babu komai a ciki?"

Na ce, "Akwai."

Ya ce, "To, juya mana."