Haƙorin da Yaya Rifkatu ta cike wa mijinta

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rifkatu, kuma da haushi na zauna rubuta wannan waiwaye a bana. Waɗanda suka san asibitin haƙori a Kafanchan a zamaninta ba za su manta da ita ba: gajeriyar mace mai faɗa, wadda in ta gama cike maka haƙori sai ta tsare ka a kujera ta yi maka wa'azi.

Wa'azin bai taɓa canzawa ba. Haƙorin da aka rarake aka cike, in ji ta, ba ya komawa ƙarfinsa na da. Baƙin ciko, wato na ƙarfe, yana da tauri amma ba ya manne wa haƙori, yana zaune ne kawai a cikin ramin. In ramin babba ne, gefen haƙorin ya yi siriri, sai ka ciji abu mai tauri cikon ya tsage shi kamar gatari a itace. Farin ciko yana mannewa, amma shi ma ba a yi shi don ƙashi ba. Mu kuwa mutanen nan, namijin da bai tauna ƙashi a wurin biki ba ai bai ci nama ba.

Da za ta leƙo yau, me za ta gani? Samari na buɗe kwalba da haƙori a ɗauke su a waya. 'Yan mata na neman a cire musu baƙin ciko mai lafiya a sa fari don hoto, alhali kowace cirewa tana tafiya da wani abu na haƙorin. Ni kaina ina jin zafin abin a madadinta.

Amma wanda ya fi ƙona mini rai mijinta ne, Baban Ladi, tsohon malamin makaranta a Kagoro. Ita ta cike masa wani babban rami a turmin haƙorinsa, ta roƙe shi ya je a sa wa haƙorin hula, wato murfin da zai lulluɓe shi, don ya riƙe. Bai je ba. Bana, a cin abincin bayan addu'ar tunawa da ita, ya ɗauki ƙashin akuya ya gartsa, muka ji ƙas. Kafin mako ya zagayo kuncinsa ya kumbura, zazzaɓi ya kama shi, likita ta ce haƙorin ya tsage har saiwa, dole a cire tun kafin ciwon ya bazu. Mutumin nan ya ƙi.

"Asabe, wannan aikin hannun sista naki ne," ya ce da ni. "Ba wanda zai taɓa."

Na ce, "Yaya, da ka ji maganarta da bai kai nan ba. Yanzu so kake mu rasa ka saboda haƙori?"

Sai da 'yarsa Ladi ta yi kuka ya yarda. Da aka cire, haƙorin ya fito gida biyu, cikon kuwa ko ƙwarzane babu.

Abin da ya rage mana na Rifkatu ke nan: aikinta ya daɗe, maganarta ce muka bari ta faɗi ƙasa. Baban Ladi ya karɓi cikon ya naɗe a hankici, idonsa ya yi ja, har na ji tausayinsa. Muna fitowa bakin titi, auduga a bakinsa, ya hango mai gasa masara, ya tambaye ni ko ɗaya gefen bakin zai iya taunawa.