Baba Muntaka da Zanen Indo

Da an idar da sallar asuba, Baba Muntaka yakan turo babur ɗinsa ƙofar gida a Batsari, ya ɗaure kaya a baya har su fi kansa tsawo. Ba mutane yake ɗauka ba. Abinci yake kai wa 'ya'yan ƙauye masu karatu a Dutsin-Ma: garin gero, ƙuli-ƙuli, kuka, daddawa, wani lokacin man gyaɗa a 'yar gora. Ya bi ta Safana, ya sauke, ya juyo kafin la'asar. Shekara da shekaru haka. A watan nan ya ajiye aikin, ido ya fara gazawa. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Wanda bai zauna garin ɗalibai ba, ba zai san nauyin wannan kaya ba. A can komai na saye ne, har ruwan alwala. Mai gida yakan ƙara kuɗin ɗaki duk shekara, don ya san wani na tsaye yana jira. 'Yan mata huɗu a ɗaki ɗaya, murhu ɗaya, gawayin ma sai an yi karo-karo. Shinkafa sai dai kallo. Yara da yawa ba jarrabawa ce ta koro su gida ba, yunwa ce. Na san wasu.

Baba bai yi boko ba, don haka ba a rubuta suna a jikin saƙo. Kowace uwa takan yago ƙyalle daga tsohon zanenta ta ɗaure bakin ƙunshi. Shi ya san zanen kowa, yaran kuma sun san na iyayensu.

Indo ta Gidan Sada, wani ɗan ƙauye a bayan Ruma, zanenta shuɗi ne mai ɗigon fari. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke ciyar da ɗiyarta Nazifa a jami'a. Sai 'yan bindiga suka shiga ƙauyen. Indo na cikin waɗanda aka binne. Sauran suka watse, ba wanda ya waiwaya. Nazifa ta yi zaman makoki a gidan kawunta, ta koma Dutsin-Ma don ta kwaso kayanta kawai. Ba mai aiko mata da ko tsaba. Karatu ya ƙare ke nan.

Ranar da za ta taso, har ta naɗe katifa, ta buɗe ƙofa da hantsi ta tarar da ƙunshi a bakin ɗaki. An ɗaure shi da shuɗin ƙyalle mai ɗigon fari.

Rahma, wadda suke ɗaki ɗaya, ita ta ba ni labarin. Ta ce Nazifa ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallo, can ta ce, "Rahma, zo ki duba ko idona ne." Ba wadda ta taɓa ƙunshin har azahar. Yunwa ce ta kwance shi. Garin gero ne.

Ba a jima ba wani ƙunshin ya sake zuwa, ba a ga wanda ya ajiye ba. Nazifa ta fasa tafiya, amma ta fara ramewa. Sauran matan gidan suka koma kauce mata a tsakar gida.

Wata rana ta tare Baba Muntaka a tasha yana sauke kaya.

"Baba, don girman Allah, wa ke ba ka saƙona?"

Ya ci gaba da kwance igiya. "Kin dai ci?"

"Na ci. Inna ta rasu, Baba. Wa ke yagar zanenta?"

Ya dubi hagu da dama, ya rage murya. "Ni ne."

Ashe rumbun Indo bai ƙone ba, yana bayan wata bishiyar kuka. Baba yakan je da tsakar rana, ya kashe babur tun daga nesa, ya tura shi da hannu. Ƙofofi a buɗe. Turmi a kwance. Ciyawa ta fito har cikin masallaci. Ba kaza, ba kare, butoci na nan inda masu su suka ajiye. Zanen Indo kuwa yana kan danga, inda ta shanya shi da safiyar ranar harin. Sai ya sauke damin gero, ya yago ƙyalle, ya kawo wa matarsa ta sussuke ta kai niƙa.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ɗiyata, wanda ya shiga can ya fito lafiya, me za a ce da shi a Batsari? Cewa za a yi yana kai wa mutanen daji rahoto. Kin san yadda ake yi da mai wannan suna."

"To ƙyallen fa?"

"Ƙunshi babu ƙyalle ai ba shi da mai shi. Na ɗauka sanyi za ki ji. Ban san tsoro nake ba ki ba."

Ta ce, "Kada ka ƙara komawa, Baba."

"Geronki ne. Ɓera zan bar wa?"

Rahma ta ce ranar ce Nazifa ta fara dariya tun bayan rasuwar, dariyar kuma ta ƙare da kuka. Da ta share fuska ta ce, "To, ka ci gaba da ɗaurewa da ƙyallen."

Yanzu kawunta da mai unguwa sun san komai, shi ya sa zan iya faɗa a fili.

Baba Muntaka, kai ne ka shiga inda samari irina muke tsoron ambaton sunansa, ba bindiga, ba rakiya, don yarinyar da ba taka ba ta ci tuwo ta zauna a aji. Kai ne ba ka taɓa tsallaka ƙofar Indo ba sai ka yi sallama. Na tambaye ka ko ana amsawa. Ka ce, "Ni dai ba na shiga sai na ɗan jira."

Zanen ya yi ta gajarta a kan danga, rumbun ya yi ta sauka. Ƙunshin ƙarshe ya isa a makon jarrabawar ƙarshe, sharar gindin rumbu ce, an ɗaure ta da bakin zanen da ya rage. Nazifa ta gama. Tana koyarwa a Safana.

Mun gode, Baba. Allah ya ba idonka lafiya, ya saka maka da abin da ba za mu iya ba. Masu gidajen haya, masu shaguna, masu babura, ba na cewa ku shiga kufai. Ku dai duba ɗakin da aka naɗe katifa ba lokacin hutu ba, ku tambayi dalili.

Nazifa ba ta yar da ƙyalle ko ɗaya ba. Ta ɗinke su da zare da allura. Zanen Indo ya dawo, sai dai duk jikinsa ɗinki ne. Shi take shimfiɗa wa Baba Muntaka idan ya je gaishe ta.