Baƙon da Ya Faɗo wa Jumagali

Yayana Jumagali makiyayi ne, kuma duk faɗin dajinmu na Kazakistan ba a taɓa yin mai taurin kai irinsa ba. Abin taƙamarsa ɗaya ne, baƙo bai taɓa barin ƙofarsa da yunwa ba. Sai dai babu baƙon. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse birni, shekara huɗu ba wanda ya ɗaure doki a turkensa sai ni, ni kuwa ya ce ƙanwa ba baƙuwa ba ce. Ragon da ya ware wa baƙo har ya fara zubar da haƙora.

Wata safiya rediyo ya ce masu dawowa daga tashar sararin samaniya za su sauka a yankinmu, har da wani attajiri da ya sayi kujera ya je ya kwana goma can. Yaya bai tsaya jin sauran ba, ya danne ragon ya yanka. Na ce wa ya gaya maka wajenka za su zo? Ya ce duk wanda ya sauka a makiyayarsa, wajensa ya zo.

Ai kuwa iska ta yi masa aiki. Da azahar kumbonsu ya sauko da lemarsa a bayan garke, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Kafin mu isa, jirage masu saukar ungulu sun riga mu. An zaro attajirin an kishingiɗar da shi a kujera, ko hannu ba ya iya ɗagawa. Yaya ya ratsa ma'aikata da dafaffen kan rago a faranti, rabon babban baƙo ke nan. Wata likita ta tare shi, wai cikin mutumin ba zai ɗauki komai ba sai ruwa. Yaya ya ce shi ya sa ya lalace haka. Tana maganar hanji, yana maganar kakanni, har aka ciccibi mutumin aka sa a jirgi.

Wallahi na ga hawaye a idon Yaya, abin da ko ran jana'izar matarsa ban gani ba. Ya ajiye farantin, ya ɗauko igiya ya ɗaure kumbon tamau.

"Baƙon da ya bar dokinsa bai tafi ba," in ji shi.

Da motar kamfanin masu kumbon ta zo ɗauka, sai da aka wuni ana lallashinsa. Daga ƙarshe suka bar masa wani murfin ƙarfe da ya ɓalle. Murfin yana nan ɗaure a turke, har inuwa Yaya ya yi masa. Ya kuma ware sabon rago, don mai kaya zai dawo neman kayansa.

Shekara biyu ke nan. Duk Juma'a sai na yi tafiyar awa uku a kan doki na je duba shi, kuma abin yana min ciwo, ba zan ɓoye ba. Sabon ragon ya yi ƙiba har ba ya iya gudu. Ni shayi da burodi ake ba ni.