Shimfiɗar Nansalmaa

A kwarinmu na Zavkhan, idan hunturu ya kai tsakiya, numfashi kan daskare a gashin baki tun kafin mutum ya gama gaisuwa. Motoci sukan kwanta. Sai babur ɗin Jamsran kaɗai ake ji yana tari a kan tudu, yana bin tantunan makiyaya da magani da gishiri da saƙon 'yan'uwa. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki. Sanyi ya cinye masa yatsu biyu a hannun hagu, ya ƙone masa kumatu har suka yi baƙi, amma in ka tambaye shi lafiya sai ya ce ka tambayi babur, shi ne tsoho.

Yana renon babur ɗin kamar maraƙi. Da yamma ya cire batir ya kwantar kusa da murhu, da safe ya tara garwashin kashin shanu ƙarƙashin inji har baƙin mai ya saki. Ƙa'idarsa ɗaya ce: in ka shiga daji, kada ka kashe inji sai a ƙofar mutane.

Matarsa Nansalmaa ba ta taɓa son babur ɗin ba. Takan ce tun ranar da ya saye shi ba ta ƙara kai ƙarshen magana ba, da ta buɗe baki sai ƙara ta haɗiye. Duk da haka ita ta daka ulu ta yi masa shimfiɗar sirdi mai kauri, ta ɗinka ƙahon rago da jan zare a gefe. Kowace safiya takan yayyafa madara a wurin taka ƙafa, yadda iyayenmu ke yi wa likkafar matafiyi.

Ta rasu da bazara. Aka rabar da kayanta, 'yarsu ta koma birni bayan ya ƙi bin ta. Abin da ya rage masa na hannun Nansalmaa shimfiɗar nan ce kawai, don tana kan babur ba wanda ya tuna da ita.

Hunturun da ya biyo baya, wata rana ya ɗauki maganin zuciya zai kai wa tsoho Tsegmid a bayan dutse. A ƙololuwar hanya akwai tulin duwatsun da kowane matafiyi ke zagayawa sau uku ya ƙara nasa. Jamsran kullum yakan bar inji yana ruri ya yi zagayensa a gurguje. Ranar nan ya kai hannu ya kashe.

"To, uwar gida," ya ce, "ga shi na yi shiru. Ƙarasa maganarki."

Iska ce kawai ta amsa. Da ya ga haka sai shi ya ɗauki zancen. Ya gaya mata jar akuya ta rame, shayinsa kullum gishiri ya yi yawa, ƙofar tanti kuma har yanzu tana kuka. Bai san ya daɗe ba.

Da ya taka babur, shiru. Ya taka har ƙafa ta mutu. Buhun kashin shanun da yake yawo da shi ya bar wa wata gwauruwa a tantin baya. Ko'ina fari, ba kara ba ciyawa, rana ta karkata, tanti mafi kusa tafiyar yini ce a ƙafa. Magani yana cikin ƙirjin rigarsa, Tsegmid yana jira.

Ya daɗe yana shafa ƙahon ragon da yatsunsa uku. Sannan ya kwance shimfiɗar, ya ɗiga mata fetur, ya tura ƙarƙashin inji ya ƙyasta ashana, ya tare iska da bayansa. Ulu ba ya saurin ci. Ya tsuguna yana kallon jan zaren yana baƙi, ɗinki bayan ɗinki. Da ya sake takawa, a karo na biyu injin ya kama.

Tsegmid ya karɓi maganinsa yana dariya. "Kai ɗan ƙanena, rowa ce ko gigin tsufa? Wa ke zama kan sirdi tsirara a wannan sanyi?" Matar tsohon ta leƙa babur, ta shaƙi ƙaurin ulu. Da gari ya waye ta ɗaura masa fatar tunkiya a sirdi, ta fito da ludayin madara.

Ni ya ba labarin, muna shan shayinsa mai gishiri. Na tambaye shi ko Nansalmaa ta yi magana a can saman.

"A'a," ya ce. "Amma ita ta tayar da shi. Abin da ta tsana."

Har yanzu yana bin hanyar. Da la'asar ina jin ƙararsa tana hawa dutsen, ta tsaya jim kaɗan ba ta mutu ba, sannan ta gangara can baya inda kunne ba ya kaiwa.